Wasa goma na farko: me suke faɗa game da yaro a ƙwallon gorar ƙanƙara?

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa da bai daɗe da komawa lardin Ontario na Kanada ba. Abokan aikinsa sun kai shi kallon ƙwallon gorar ƙanƙara, wato hoki, a gasar matasa ta garinsu, ya tarar kowa maganar wani yaro ɗan shekara 17 yake yi, wanda ke samun kusan maki biyu a kowane wasa tun da aka buɗe kaka. Wasa goma aka yi, amma mutanen gari sun riga sun yanke cewa shi za a fara ɗauka a watan Yuni a zaɓen matasan 'yan wasa na NHL, babbar gasar hoki ta ƙwararru a Amurka da Kanada. Yana so ya san ko maganar tana da tushe, tunda dai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Malam, sannu da zuwa wannan wasa, kuma na ji daɗin da ka fara da gasar matasa, don a nan ne ake ganin hoki da zuciyarsa a buɗe. Na shafe shekaru ina zama a kujerun sama na filayen nan da littafi a hannu, kuma amsata a taƙaice ita ce: wasa goma na farko suna iya sa ka fara bin yaro da ido, amma ba su isa su gaya maka inda zai tsaya ba. Abin da yake da amfani a watan Oktoba shi ne yadda makin ya samu, da wa ya samu, a kan wa, kuma yaron nawa ne shekarunsa da watanninsa. Adadin da ke kan allo shi ne mafi rauni a cikin shaidun.

Bari in shimfiɗa maka yadda tsarin yake, don wanda ya taso da ƙwallon ƙafa ba zai same shi a inda ya saba ba. Babbar gasar matasa ta Kanada, CHL, gasa uku ce a ƙarƙashin inuwa ɗaya: OHL a Ontario, WHL a yamma, sai QMJHL a Kebek da lardunan gabar teku. Yaran da ke ciki daga shekara 16 ne zuwa 20. A OHL da WHL kowace ƙungiya tana buga wasa 68 kafin zagayen fidda gwani, daga ƙarshen Satumba zuwa Maris. Ka ga kenan wasa goma kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne kawai na kakar. Maki kuwa ana lissafa shi ne da ƙwallon da mutum ya ci da kuma wadda ya taimaka aka ci, kuma a kan ƙwallo ɗaya ana iya rubuta wa mutum biyu taimako. Ƙungiyoyin NHL 32 ba sa sayen waɗannan yara da kuɗi kamar yadda ake yi a ƙwallon Turai. Zaɓe suke yi bi da bi, zagaye bakwai, kuma ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasa su ke da damar fara ɗauka. Shi ya sa lamba ta ɗaya take da nauyi haka.

Abu na farko da 'yan kallo ke mantawa shi ne, gasar da ake bugawa a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba ba ita ce gasar da za a buga a Janairu ba. A makonnin farko manyan yaran da aka riga aka zaɓa, 'yan shekara 18 da 19, da yawansu suna sansanin atisayen ƙungiyoyinsu na NHL. Wasu ma sai an gwada su a wasannin gaske kafin a mayar da su, domin doka ta ba ƙungiya damar sa yaro ya buga wasa tara ba tare da shekarar farko ta kwantiraginsa ta fara ƙirguwa ba. A wannan tsakani ƙungiyar matasa tana iya fita ba tare da gwanin 'yan bayanta ba, ko ba tare da golanta na ɗaya ba. Yaron garinku yana iya zama ya ci rabin ƙwallayensa a ragar gola ɗan shekara 16 da ke buga wasansa na uku a gasar. Wannan bai rage masa ƙoƙari ba, amma ya rage abin da ƙwallayen ke tabbatarwa. Haka kuma a gidansu, idan manyan ƙungiyarsa ba sa nan, shi ake ba mintunan da a Nuwamba za a raba da wasu. Ga kuma tsarin tsaro, wanda koci ba ya gama ɗora yaransa a kai sai an yi makonni. Hari yana zuwa da baiwa, tsaro kuwa sai an koya, don haka ƙwallaye kan yi arha a farkon kaka.

Na biyu shi ne lissafin sa'a, kuma a nan nake so ka tsaya da ni. Abin da ake bugawa a hoki ɗan ƙaramin faifan roba ne, yana tafiya da gudu, yana dukan ƙafa, yana dukan sanda, yana sauya hanya. A ce yaro ya kai hari kan raga sau 30 a wasa goma, ya ci 9. Kashi 30 cikin 100 kenan. Babu wanda ke riƙe irin wannan kaso shekara da shekaru. Alex Ovechkin, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin NHL, kasonsa na duk rayuwarsa ta wasa yana wajen 13 cikin 100 ne. Idan ka ɗora wannan kaso a kan hari 30 ɗin nan, ƙwallo 4 za ka samu. Tsakanin 9 da 4 akwai ƙwallaye biyar, kuma su ne suka raba yaron da gari ke wa kirari da yaron da ba wanda ya lura da shi, alhali wasa iri ɗaya suka buga. Ko a kaka cikakkiya sa'a tana iya ɗaukar mutum: William Karlsson ya ci 43 a Vegas a kakar 2017 zuwa 2018 da kason da ya haura 23 cikin 100, kakar da ta biyo baya ya ci 24. Ɗan wasa ne mai kyau ƙwarai, amma 43 ɗin ba ita ce ainihin ma'auninsa ba. Idan kaka guda ta manya za ta iya ruɗin mutane haka, ka ƙiyasta abin da wasa goma na yara za su yi.

Saboda haka ni yawan harin nake fara dubawa, da wurin da aka kai shi. Yaron da ke kai hari biyar ko shida a kowane wasa daga gaban raga, ko da ƙwallayensa uku ne kacal, ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya ci takwas da hari biyu-biyu daga nesa. Na farkon yana samar da dama da kansa, kuma dama ita ce ke maimaituwa.

Sai batun lokacin rinjaye. Idan ɗan wasa ya yi laifi ana fitar da shi minti biyu, ƙungiyarsa ta rage mutum huɗu a kan biyar. A wannan lokacin fili yana buɗewa, kuma yaro mai hannu zai iya tsayawa a gefe ya tara maki ba tare da an matse shi ba. A gasar matasa, inda yara ke yawan laifi kuma masu tsaron rashin mutum ba su goge ba, wannan hanya tana kumbura adadi sosai. Masu leƙen 'yan wasa na NHL suna ware makin da aka samu biyar-da-biyar, sannan a cikinsa su ware ƙwallon da yaro ya ci da kansa da taimako na farko, wato bayarwar ƙarshe kafin a ci. Taimako na biyu wani lokaci aiki ne na gaske, wani lokaci kuwa faifan ne kawai ya taɓa sandarka kafin wani ya yi abin mamaki. Idan ka samu takardar wasannin yaron nan, ka zauna ka ƙirga. Maki 20 da 13 daga ciki suka zo a lokacin rinjaye labari ne daban da maki 20 da 15 daga ciki suka zo biyar-da-biyar.

Yanzu abokan sahu. 'Yan gaba uku-uku suke shiga, su yi kamar daƙiƙa 45 su fito, don haka wanda aka haɗa ka da shi yana da hannu a kusan duk abin da ka samu. Misalin da ba na mantawa shi ne Angelo Esposito. A kakar 2005 zuwa 2006, yana ɗan shekara 16, ya samu maki 98 a ƙungiyar Quebec Remparts, suka ɗauki kofin Memorial, wato kofin zakarun CHL, aka fara kiran sunansa a matsayin wanda za a fara ɗauka a 2007. Amma a wannan kakar yana tare da Alexander Radulov, wanda ya girme shi kuma ya tara maki 152. Da Radulov ya tafi, makin Esposito ya sauka, aka ɗauke shi a lamba ta 20, daga baya raunin gwiwa ya yi ta bibiyarsa, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NHL ba. Ina tuna shi da tausayi, domin nauyin da aka ɗora masa yana 16 ba shi ya nema ba. Sai dai kada ka ɗauki wannan a matsayin doka, don akwai kishiyarsa. Alex DeBrincat ya ci ƙwallo 51 a Erie Otters a kakar 2014 zuwa 2015, lokacin fitaccen gwani Connor McDavid yana ƙungiyar, aka ce ai albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko. McDavid ya tafi, DeBrincat ya sake cin 51. Duk da haka aka bar shi har lamba ta 39 a 2016 saboda gajarta, Chicago ta ɗauke shi, ya je ya ci 41 a kaka ɗaya a NHL har sau biyu. Hanyar gane bambancin su biyun ba ta cikin jimillar maki. Sai ka ga yaron a ranar da aka raba shi da babban abokinsa, kuma wasa goma ba kasafai suke ba ka wannan ranar ba.

Ka kuma tambayi ranar haihuwarsa, ba shekarar kaɗai ba. Sharaɗin shiga zaɓe shi ne yaro ya cika 18 zuwa ranar 15 ga Satumba na shekarar. Auston Matthews an haife shi 17 ga Satumba 1997, kwana biyu suka hana shi zaɓen 2015, ya tafi Zurich ya buga da manya shekara guda, Toronto ta fara ɗaukarsa a 2016. Matthew Schaefer kuwa, wanda aka fara ɗauka a 2025, an haife shi 5 ga Satumba 2007, kwana goma suka shigar da shi. A aji ɗaya na zaɓe za ka samu yara biyu da kusan shekara guda ce tsakaninsu, kuma a wannan mataki shekara guda tana nufin tsoka, tana nufin kaka ɗaya ta ƙarin gogewa. Wanda aka haifa a Oktoba yana iya kasancewa a kakarsa ta uku a gasar, wanda aka haifa a Agusta yana ta biyu. Idan makinsu ya zo ɗaya, ƙaramin ne ya yi abin da ya fi wuya. Tun a shekarun 1980 masanin halayyar ɗan'adam Roger Barnsley ya lura cewa waɗanda aka haifa a watannin farko na shekara sun cika ƙungiyoyin matasan Kanada fiye da kima, domin ana raba yara aji-aji ne daga 1 ga Janairu, babba a aji shi ake zaɓa, shi ake ba koci mai kyau, tazarar ta yi ta ƙaruwa.

To, ko akwai lokacin da farkon kaka ya faɗi gaskiya? Akwai, kuma zan yi maka adalci a kai. McDavid ya tara maki 51 a wasa 18 na farkon kakar 2014 zuwa 2015, kafin ya karya hannu a faɗa a watan Nuwamba. Ya dawo ya ƙare da 120 a wasa 47. Connor Bedard na Regina Pats bai samu maki ko ɗaya ba a wasan buɗe kakar 2022 zuwa 2023, daga nan ya jera wasa 35 yana samu, ya ƙare da ƙwallo 71 da maki 143 a wasa 57, ga maki 23 a wasa 7 a gasar matasa ta duniya da aka yi a Halifax da Moncton. Amma ka lura da abin da ya haɗa su. Dukansu an ba su izini na musamman su shiga gasar suna 15, shekara guda kafin sa'o'insu, kuma an yi shekaru ana kallonsu. Oktoban nan bai gano su ba, ya dai ƙara tabbatar da abin da wasanni masu yawa suka riga suka nuna. Shi Bedard ɗin ma, a kakar da ta gabaci wannan ya fara da sanyi har wasu suka soma gunaguni, sai ya ci wa Kanada huɗu a ragar Ostiriya a gasar matasa ta duniya a Disamba 2021, ya dawo gida ya ƙare da ƙwallo 51 da maki 100 a wasa 62 yana ɗan 16. Wanda ya yanke masa hukunci a Nuwamban shekarar ya yi kuskure ta ɗaya ɓangaren.

Abin da ya fi koyar da ni shi ne yawan lokutan da sunan da ke kan gaba a Satumba ba shi aka fara kira a Yuni ba. A kakar 2016 zuwa 2017 kowa Nolan Patrick na Brandon Wheat Kings yake faɗa. Rauni ya tsare shi, wasa 33 kawai ya buga. Nico Hischier, yaro daga Suwizalan da ya zo Halifax Mooseheads a shekarar, ya yi ta hawa a hankali, ya ci Amurka ƙwallo biyu a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe na gasar matasa ta duniya, ya ƙare da maki 86 a wasa 57, New Jersey ta fara ɗaukarsa. A zaɓen nan kuma Colorado ta ɗauki Cale Makar a lamba ta huɗu, ɗan baya da ke buga wa Brooks Bandits a gasar lardin Alberta, wadda take ƙasa da CHL. A farkon kakar mutane ƙalilan ne ke ambatarsa cikin na sama, yau kuwa ya ɗauki kyautar gwarzon ɗan baya na NHL sau biyu, kuma da za a sake zaɓen da yawa shi za su fara kira.

Labarin Shane Wright ya fi kusa da garinku. Ya shiga Kingston Frontenacs yana 15, ya ci ƙwallo 39 a kakarsa ta farko, aka yi shekaru ana cewa zaɓen 2022 nasa ne. Annobar korona ta sa aka soke kakar OHL ta 2020 zuwa 2021 gaba ɗaya, ya dawo bayan dogon zama, ya fara a hankali, ya ƙare da maki 94 a wasa 63. Adadi ne mai kyau, amma bai kai abin da aka sa rai ba. A can Finlan kuwa Juraj Slafkovsky, ɗan Sulobakiya, maki 10 kacal ya samu a wasa 31 a babbar gasar ƙasar. Idan allo ne ma'auni, ba a ma haɗa su. Sai dai shi da manya yake bugawa, kuma a gasar Olamfik ta Beijing a Fabrairu 2022 ya ci ƙwallo 7 a wasa 7, Sulobakiya ta samu tagulla, aka ba shi gwarzon gasar yana 17. Montreal ta fara ɗaukarsa, Wright ya sauka zuwa na huɗu, Seattle ta ɗauke shi. Wannan ya kawo mu ga abin da ke ruɗar sabon mai kallo: maki ɗaya a gasar matasan Kanada da maki ɗaya a babbar gasar Suwidin ko Finlan ba kuɗi iri ɗaya ba ne. Yaron da ke samun minti tara a sahu na huɗu tsakanin magidanta yana iya yin wata guda bai ci ba, kuma ya fi wanda ke cin yara kullum. Amma rashin ci a can ma yana iya zama alama ta gaske. Aatu Räty na Finlan an daɗe ana sa shi a kan gaba a ajin 2021, kakarsa ta yi masa nauyi, aka bar shi a gida lokacin gasar matasa ta duniya duk da ya buga ta shekarar da ta gabata, ya faɗo har lamba ta 52.

Zaɓen 2025 ya haɗa kusan duk waɗannan darussa wuri ɗaya. James Hagens na Boston College shi ne sunan farkon kaka. Ya samu maki 37 a wasa 37 a gasar jami'o'in Amurka, inda ake karawa da 'yan shekara 22 da 23, aka ɗauke shi na bakwai. Michael Misa na Saginaw Spirit ya ci ƙwallo 62 da maki 134, aka ɗauke shi na biyu. Wanda aka fara ɗauka, Schaefer na Erie, ya rasa farkon kaka saboda rashin lafiya, ya buga wasa 17 ya samu maki 22, sannan ya karya ƙashin wuyan kafaɗa a gasar matasa ta duniya a Ottawa a Disamba, bai sake bugawa ba. Wani zai ce ai ga shi nan, wasa 17 sun isa. Amma New York Islanders ba makin 22 suka saya ba. Sun ga ɗan baya da ke gudu a kan ƙanƙara yadda ba a saba gani ba, yana ɗauko faifai daga bayan ragarsa ya kai shi ƙarshen fili, yana toshe hari kafin ya taso, kuma sun riga sun gan shi ya jagoranci Kanada ta ɗauki kofin Hlinka Gretzky, na gasar ƙasashe ta 'yan ƙasa da 18, a Agusta 2024. Irin waɗannan siffofi ido mai gogewa yana gane su a wasa kaɗan, domin ba sa jiran sa'a.

A nan ne nake ganin karin maganarka ta Laraba da Juma'a take da gaskiya. Akwai abubuwan da Oktoba ke nunawa da ba sa ƙarya. Idan yaro ya dawo daga hutun bazara taku ukunsa na farko sun ƙara sauri, wannan na nan. Idan bara ana ture shi a jikin katangar fili, bana shi ke fitowa da faifan, wannan na nan. Idan kafin faifan ya iso shi ya riga ya waiga kafaɗa ya san inda kowa yake, wannan ɗabi'a ce. Kuma ka duba lokacin da koci ke tura shi: minti na ƙarshe ana kare ƙwallo ɗaya, ko lokacin da ƙungiyarsa ta rage mutum. Koci yana ganin yaro kullum a atisaye, amanar da ya ba ɗan shekara 17 ta fi mini duk abin da jarida ta rubuta. Brayden Point ya samu maki 91 a Moose Jaw a shekarar zaɓensa, aka bar shi har lamba ta 79 a 2014 saboda ƙanƙanta da shakkar gudunsa. Ya duƙufa ya gyara gudun, ya zama ginshiƙin Tampa Bay a kofunan NHL biyu a jere, 2020 da 2021. Wanda ke bin sa kaka bayan kaka ya ga gyaran a ƙafafunsa kafin ya bayyana a wani allo.

Idan gola ne ake yabo, ka ninka haƙurin. Su sukan makara wajen nuna kansu, kuma wasa biyu marasa kyau suna iya rusa kason harin da gola ya tare a wata guda.

Akwai wani ɓangare da nake so ka riƙe a zuciya, tunda yanzu kai ma ɗan garin ne. Yaran nan da yawa sun bar gidajen iyayensu suna 16, suna zaune a hannun iyalan da suka karɓe su riƙo, suna zuwa makaranta da safe, suna kwana a mota bayan wasa. A yamma tafiyar bas tana iya cin yini guda cur a cikin dusar ƙanƙara. A Satumba jiki sabo ne, kowa da ƙarfinsa. Gajiya tana zuwa ne daga baya, kuma yadda yaro ke wasa a gajiye yana cikin abin da NHL ke son sani, don can wasa sama da 80 ne a kaka. Ni abin da ke damuna da kirarin Oktoba shi ne abin da ke biyo bayansa. Bakin da ya ɗaga yaro a wasa na goma shi ne ke cewa ya lalace a wasa na ashirin da biyar, lokacin da kasonsa ya koma inda ya kamata, alhali bai sauya komai ba. Yaran suna karanta abin da ake rubutawa a kansu a waya, iyayensu ma haka. Kuma zaɓin da ke gabansu ya ƙara nauyi: tun daga Agusta 2025 wanda ya buga CHL yana iya komawa gasar jami'o'in Amurka, abin da a da aka haramta, har Gavin McKenna ya bar Medicine Hat Tigers bayan kakar maki 129 ya koma Penn State. Wannan ma yana sauya ƙarfin gasar da yaron garinku yake cin maki a cikinta, domin wasu daga cikin manyan da zai kara da su sun tafi.

Su kansu masu aikin ba sa gaggawa. Ofishin leƙen 'yan wasa na NHL a Oktoba jerin sa-ido kawai yake fitarwa, yana ba yara haruffa, A ga wanda ake ganin zai iya shiga zagayen farko, ba ya jera su ɗaya, biyu, uku. Sai a Janairu yake fitar da jeri mai lamba, na ƙarshe a Afrilu. A tsakani akwai gasar matasa ta duniya da ke farawa 26 ga Disamba, akwai ta 'yan ƙasa da 18 a Afrilu, akwai zagayen fidda gwani inda ƙungiya ɗaya za ta fuskance ka har sau bakwai ta haddace duk dabararka, sannan gwajin ƙarfi da ganawa da ƙungiyoyi a Buffalo kafin zaɓe.

Ga abin da zan so ka yi. Wasa na gaba ka nemi kujera a sama, wajen kusurwa, inda za ka ga fili duka. Ka daina bin faifai, ka bi yaron shi kaɗai na tsawon zubi ɗaya daga cikin zubi uku na wasan, minti 20. Ka rubuta sau nawa ya shigar da faifai yankin abokan karawa yana riƙe da shi, sau nawa ya kai hari daga gaban raga, da abin da yake yi a daƙiƙa biyar bayan an ƙwace masa. Ka rubuta sunayen mutum biyun da yake shiga da su da shekarunsu. Sannan ka ajiye takardar. A farkon Janairu ake rufe musayar 'yan wasa, ƙungiyoyi su gama daidaita kansu. Bayan nan ka duba jadawali ka samo ƙarshen makon da ƙungiyar za ta buga wasa uku a kwana uku, ka je na ranar Lahadi da takarda sabuwa, ka ƙirga abubuwan nan dai. Idan ka turo mini takardun biyu, sai mu zauna mu yi maganar lambar da za a kira shi.